Ranar da Slovakanci Ya Shiga Zauren Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a hanyar neman ilimi, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma yammacin da Baba ya aika aka kira ni zaure a kan sunan ƙanwata, wannan kam ba na jin zan manta da shi muddin ina numfashi. Ba zan ambaci sunan kowa ba sai nata, don in babu shi babu labarin, kuma na nemi izininta ta yarda. Sunanta Jamila.

A lokacin ina aikin duba lafiyar dabbobi. A Faskari gidanmu yake, amma rabin rayuwata a kan babur take. Yau ina Tafoki ina yi wa shanu allura, gobe an kira ni wajen Ƙanƙara wata saniya ta kasa haihuwa. Da rashin tsaro ya yi tsanani, rugage da yawa suka tashi, wasu hanyoyin kuma ba mai shigarsu sai da dalili mai ƙarfi. Aiki ya ja baya, zaman gida ya yi mini yawa. Cikin wannan zaman ne na cike neman gurbin ƙaro karatu a wurare daban-daban, sai wata makaranta a Slovakiya, wata ƙaramar ƙasa a tsakiyar Turai, ta amsa mini. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: in yi wasu watanni ina koyon yarensu ta waya tare da wata malama, sannan a yi mini jarrabawar baka. In na ci, in taho. In na faɗi, a ba wani.

Baba malamin zaure ne. Magidanta ke zuwa wurinsa bayan la'asar, kowa da littafinsa, wani fiƙihu wani nahawu. Yayyena maza duk hanyarsa suka bi, ni ne aka ga ya dace a bar ni in zarce da boko. Ba mu taɓa samun saɓani da shi ba, amma kuma ba mu da hira. In durƙusa in gaishe shi da safe, ya tambaye ni aiki, in ce lafiya, ya sa mini albarka, in tashi. Da na kai masa maganar tafiya, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.” Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san wannan ba izini ba ne. Ba hani ba ne kuma. Na tashi a haka, na ce bari dai in fara karatun, in ya so ma ga abin da Allah zai yi.

Makonnin farko ban sha wahala ba. Gaisuwa, ƙirga, sunayen abinci, duk na kwashe. Malamar, wata dattijuwa mai tabarau da haƙurin tsiya, har tana yaba ni a gaban sauran ɗalibai. Sai muka iso inda sunaye ke canza ƙarshensu, a nan na gane ashe ban fara komai ba.

A Hausa saniya saniya ce. Ko ta harbe ka, ko ka sayar da ita, ko ka ba ta dusa, sunanta bai motsa ba. A Slovakanci ba haka ba ne. Saniya krava ce in ita ta yi aikin. In ka gan ta ko ka saye ta, ta koma kravu. In ka ba ta wani abu, krave. In kuna tare, kravou. In abu ya fito daga gare ta, kravy. Matsayi shida kowane suna yake da shi, kuma na mace daban, na namiji daban, ga wani jinsi na uku wanda ba mace ba namiji, ga tilo ga jam'i. Na kwafi jadawalin duka na manna a bango, na dinga haddarsa kamar aku. In aka ce in jero su, sai in jero tas. Amma da zarar malama ta ce in yi magana, sai kaina ya kulle, in damƙo duk ƙarshen da ya fara zuwa bakina. Ta daina yabona. Wata rana bayan darasi ta tsayar da ni, ta ce mini cikin ladabi in aka tafi a haka, ba ta ga yadda zan tsallake ba.

Aikin gida da ta ba mu a wannan makon shi ne kowa ya yi bayanin 'yan gidansu da baki, ya naɗa ya tura mata. Ɗakina yana kallon tsakar gida, ga zafi, taga a buɗe. Na wuni ina maimaita jimla guda: Mám sestru Jamilu, wato ina da 'yar'uwa Jamila. A ƙa'idarsu sunan mace mai ƙarewa da “a” yana komawa “u” in aiki ya faɗa kansa, ko da sunan mutum ne. Ni ban ma kula da abin da kunnen Bahaushe zai ji ba. Yaran gidanmu kuwa sun kula. Kafin magariba duk sun ɗauka: Jamilu, kawo ruwa. Jamilu, Inna na kira.

Jamila a lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinya ce mai kunya, ba ta iya ramuwa da baki. Ta zo ƙofar ɗakina ta ce, “Yaya, don Allah ka daina. Har a Islamiyya an fara.” Na yi mata bayani iya yadda na iya, na kuma tsawata wa yaran, amma suna in ya fita ƙofar gida ba ya dawowa da tsawa. Cikin kwanakin nan Gwaggonmu ta zo daga Sabuwa, yayar Baba ce, ita kaɗai ce a duniya ke ɗaga masa murya. Ta tarar da Jamila tana kuka a bayan rumbu, ta bincika, aka ce mata ai yaren Turawan da Yaya ke koyo ne ya ce sunanta Jamilu. Gwaggo ba ta ko warware ƙullin kayanta ba ta nufi zaure.

Da aka kira ni, ɗalibai sun watse, saura Baba a kan buzunsa da Gwaggo a gefe ta harɗe. Na durƙusa. Ita ta fara.

“Malam, ga shi nan ka tambaye shi. Dama abin da ake faɗa ke nan, can mace ta zama namiji, namiji ya zama mace. Bai ko taka ƙasar ba ya fara da ɗiyarka. In ya je ya dawo kuma sai me?”

Na san in Baba ya buɗe baki a wannan zaman ya ce a'a, magana ta ƙare. Bai dube ta ba, ni ya duba.

“Kai ka sa mata wannan suna?”

“Ba ni na sa mata ba, Baba. Yaren ne haka yake. Sunan yakan canza.”

“Kullum Jamilu suke cewa?”

“A'a. Wani lokaci Jamila, wani lokaci Jamilu.”

“Yaushe ne Jamila, yaushe ne Jamilu?”

Jadawalin bango ya zo mini a ido, amma ba amsar tambayarsa a ciki. Sai na lalubo misali. Na ce in ana so a ce Jamila ta zo, Jamila ake cewa. In kuma ni ne na gan ta, sai in ce Jamilu.

Baba ya ajiye carbin a kan buzu. “In ka ba ta wani abu fa?”

“Jamile.”

“In kun tafi tare?”

“Jamilou.”

“In saƙo ya fito daga wajenta?”

“Jamily.”

Ya gyara zama. Ban taɓa ganin ya dube ni irin wannan duban ba, irin wanda yake yi wa ɗalibin da ya kawo mas'ala mai daɗi. Ya juya wajen Gwaggo ya ce, “Yaya, ba mai da ta namiji aka yi ba. I'irabi ne.” Gwaggo ta ce ita ba ta san wani i'irabi ba. Ya ce, “Kin sha ji daga zauren nan. Zaidu ya zo, mu ce Zaidun. Na ga Zaidu, Zaidan. Na bi ta wajen Zaidu, Zaidin. Zaidu ɗaya ne, ba a canza mashi komai ba, aikin da yake yi cikin magana ne ya canza. Su ma ashe suna da shi.” Sai ya sake dubana. “To namiji mai suna Jamil, in ka gan shi, me za ka ce?”

Na yi ɗan lissafi a zuci, na ji kunya ta kama ni tun kafin in faɗa. “Jamila zan ce, Baba.”

Baba ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Gwaggo ta tashi tana kakkaɓe zani, ta ce daga uban har ɗan Allah Ya shirya, ta shige cikin gida. Da daddare Baba da kansa ya tara yaran ya ce kada ya ƙara jin sunan nan a bakin kowa, kuma bai ƙara ji ba. Ni kuwa kafin in bar zauren ya tambaye ni matsayi nawa suke da shi. Na ce shida. Ya ce, “Larabawa uku suka ba suna, waɗannan har shida. Gobe bayan asuba ka zo mani da su.”

Haka muka fara. Da na kawo masa jadawalin, ya juya shi sama da ƙasa ya miƙo mini, ya ce in ajiye. Ya ce wanda ya fara da haddar ƙarshen kalma ya fara gini daga rufi. “Kafin ka taɓa wutsiyar kalma, tambaye ta aikinta. Wa ya yi? Wa aka yi wa? Wa aka ba? Da wa? Daga wa? A kan wa ake magana? In ta ba ka amsa, wutsiyar za ta zo da kanta.” Malamata ma ta taɓa faɗa mana kusan haka, har ta rubuta mana tambayoyin, amma da Turanci da Slovakanci ta faɗa, sai suka zame mini wani abin haddar kuma. A bakin Baba, da Hausa, na fara jinsu.

Bai iya furta kalmominsu ba, bai kuma yi ƙoƙari ba. Da Hausa yake jefo mini jimla. “Bafulatani ya kai saniya kasuwa. Mene ne matsayin saniya?” In ce ita aka yi wa. “To faɗi.” In ce kravu. “Bafulatani ya dawo da saniya, ba a saya ba.” In ce kravou. In na yi gaggawa na amsa kafin in faɗi matsayin, sai ya ɗaga hannu, ko da amsar daidai ce. Ya ce dacen da ba a san dalilinsa ba, gobe kuskure ne. Abin mamaki, bai daɗe ba kunnensa ya riƙe ƙarshen kalmomin. Ranar da na ce kravy a inda ya kamata in ce krave, kafin in gyara ya ce, “Jiya ba haka ka ce ba.”

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai inda nahawunsa ya tsaya. Su ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban suna, irin su “a cikin” da “zuwa” da “ba tare da”, a Larabci duk matsayi ɗaya suke jawowa, a Slovakanci kuwa kowace da nata, wata ma biyu gare ta. Da na faɗa masa, ya ce, “To wannan sai hadda. Kowane yare da taurin kansa.” Jinsi na uku kuwa har yau bai yarda da shi ba. Ya ce gari ko teku a ce ba mace ba namiji, ai sai dai in ba su bincika da kyau ba.

Wani abu guda ya tsaya masa a rai. In ka ba saniya abu, krave. In kana magana a kan saniya, nan ma krave. Aiki biyu, ƙarshe ɗaya. Ya ce a Larabci ma akwai sunayen da ke yin haka, amma malamai sun faɗi dalili, su waɗannan mene ne nasu dalilin? Na ce ban sani ba. Ya ce in tambayi malamata. Na ce lokacin darasi ba ya isa, mu da yawa ne. Ya ce to.

A tsakiyar waɗannan safiyoyin wata hira ta daban ta riƙa shigowa. Jimlar saniya ta ja shi ya tambaye ni abin da ke kashe maruƙa da damina, na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe. Ni kuma a nan na fara jin cewa yana saurayi da ƙafa ya je neman karatun nahawu, ya yi shekaru bai ga gida ba, kuma mahaifinsa bai so tafiyar ba. Ya faɗa ne a taƙaice ya wuce, ban kuma ja maganar ba. Har lokacin bai ce mini komai a kan tawa tafiyar ba.

Lokacin jarrabawa ya faɗo da la'asar ɗinmu. Duk gidan ba inda waya ke kamawa sosai sai zaure, don shi ke bakin hanya. Ina ta tunanin yadda zan roƙe shi, sai na ji da safe yana sallamar wani ɗalibinsa, yana cewa a gaya wa sauran yau ba karatu. Tun da na yi wayo, rasuwa kaɗai na san tana ɗage karatun zauren nan. Da lokaci ya yi na jingina wayar a kan tarin littattafansa, shi kuma ya ɗauki buzunsa ya koma bakin ƙofa ta waje, yana korar yara da masu talla da hannu.

Mutum biyu ne suka yi mini tambayoyi, malamata da wani mutum mai furfura. Suka nuna mini hoton wani manomi a gonarsa suka ce in faɗi abin da na gani. Na fara da kyau, sai na iso inda mutumin ke ba saniya ruwa, kaina ya kulle kamar da. Sai na tambayi kalmomin ɗaya bayan ɗaya a zuci. Wa ya yi? Mutumin. Me aka bayar? Ruwa. Wa aka ba? Saniya. Na ce, Muž dáva krave vodu. Malamata ta sunkuyar da kai tana rubutu, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Daga baya na yi kurakurai, musamman a jam'i, wani ma ina faɗa na san na kauce. Can wajen ƙarshe mai furfurar ya tambaye ni da wa nake bita a gida. Na ce, S otcom, wato da mahaifina. Ya ce mahaifina ya iya Slovakanci ne? Na ce a'a, Larabci ya iya. Suka dubi juna. Ba ni da kalmomin da zan yi musu bayani a lokacin, sai na bar su a haka.

Sakamako ya fito, na ci, ba da wani babban maki ba, amma na ci. Na kai wa Baba labari, ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da jan carbinsa. Na jira, bai ƙara komai ba. Kwanaki suka wuce, makaranta tana jiran amsata, ni kuma na riga na yanke a raina cewa in bai furta ba, ba inda za ni. Inna ta ce in yi haƙuri in ƙyale shi, ta fi ni saninsa.

Wata safiya na je gaishe shi, na yunƙura zan tashi, ya ce in zamna. Ya ce, “Maganar nan ta krave ba ta bar ni ba. In ka isa can, ka samu babban malaminsu, ba na waya ba, ka zamna gabanshi ka tambayo mani dalili.”

Na ɗago na dube shi. Ya ce, “Ka ji ko?” Na ce na ji, Baba. Ya ɗora hannunsa a kaina ya yi addu'a mai tsawo. Da na fito ban shiga cikin gida kai tsaye ba, sai da na zagaya bayan zaure na goge idona.

Na isa, na kuma tambaya. Wani malami a makarantar ya ce mini tun can baya matsayin nan biyu suka haɗu a irin waɗannan sunaye, kuma ƙaramar kalmar da ke zuwa gaban suna ita ke raba su. Na kira Baba ranar Juma'a na faɗa masa. Ya saurara, ya ce, “Wannan ya gaya maka yadda ake gane su ne, bai gaya maka dalili ba. Sake tambaya.” Shekarun da na yi a can, kusan kowace Juma'a da tambayar da zai aiko ni da ita, kuma ba kasafai amsar ke gamsar da shi ba. Na gama karatuna na dawo. Yanzu idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa wasu littattafan, yana gyara mini wasali.

Abin da na koya a nan ya wuce na yare. Na yi kusan shekara talatin gida ɗaya da mahaifina ina ganin iliminsa nasa ne, nawa nawa ne, ba inda za su gamu, don haka ban taɓa kai masa abin da ya gagare ni ba. Shi ma ashe jira yake a tambaye shi. Sai da kukan Jamila da ƙarar Gwaggo suka tilasta mana zama. Shi ya sa nake gaya wa duk matashin da ya zo mini da maganar karatu, kowane iri ne, cewa kafin ya yanke hukuncin dattijon gidansu ba zai gane ba, ya je ya durƙusa ya faɗa masa inda ya maƙale. Wataƙila ba shi da amsar. Amma zai yi wuya ya tashi daga gabansa hannu wofi.